Mai Kaya Ne Zai Karanta, In Ji Baba Raba

Duk wanda ya saba bin layinmu da safe ya san ƙofar da ake fara buɗewa ita ce ta Baba Raba. Ba wai ya fi kowa ciniki ba ne. Shi dai mutum ne da ba ya iya zaman gida da zarar ya ajiye kofin shayi. Yayata, wadda ita ce matarsa, ta ce in aka bar shi a tsakar gida sai ya kwance mata fitila mai lafiya don kawai ya ga abin da ke cikinta. Saboda haka da kanta take miƙa masa hula, ta raka shi bakin ƙofa, ta yi masa a dawo lafiya.

Shagon bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Bencin aiki ɗaya ne, gefensa ya yi santsi saboda gogar gwiwar hannu. A jikin bango akwai ƙusoshi a jere, kowace da kwarkwaron waya a rataye, daga mai kaurin tsinken tsintsiya har zuwa siririya kamar zaren da nake ɗinki da shi. Ƙarƙashin bencin kuwa duwatsun guga ne da butocin lantarki da ƙananan murhu, kowanne na jiran a zo kansa. In ya zauna, abin da yake fara yi shi ne ya kwance wani tsohon ƙyalle, ya fito da mitarsa mai allura ta auna wuta, ya hure mata ƙura, ya goge gilashin da bakin rigarsa. Daga nan sai ya share bayan ƙofa ya ajiye alli a kusa, domin bayan ƙofar nan shi ne allonsa.

Sana'arsa naɗin wayar zafi, wato wayar nan da ke yin ja a cikin dutsen guga ko buta in an jona wuta. Sama da shekara arba'in yana wannan aiki. Ni ƙanwar matarsa ce, tela ce, shagona yana kallon nasa. Tun ina yarinya muke wasa da shi, ina ce masa Angon Yaya yana ce min Ƙanwa, kuma har gobe ban fasa ba. Amma yau na ɗan jingine tsokana, ko da yake ba duka ba, don in faɗa wa mutane ko wane ne shi. Idonsa ya gaji, likita ya ce ya sauka daga kan bencin. Saukar ba ita ta dame shi ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne hannun da zai karɓi mitar nan, alhali a lokacin ɗan da ya koya wa aikin yana can ƙarshen layi da tasa rumfar, shekara da shekaru babu abin da ke haɗa su sai gaisuwa.

Bari in fara da inda ya samo sunan. Baba Raba ba ya mayar wa mutum da kayansa sai mai kayan ya karanta allurar mita da bakinsa. Ko kai wane ne, ko kana sauri kamar za ka tashi sama, sai ka sunkuya ka karanta. Na sha ganin yadda suke kwashewa da Mai Wanki, wanda ke da rumfar wanki da guga a bayan shagona.

"Nawa ta nuna?" in ji Baba Raba.

"Ɗari biyu da ashirin."

"Turin da wutar ke yi ke nan, shi ake ce wa bolt. Ɗauki alli ka rubuta." Sai ya murɗa mitar, ya sauya mata jona. "Yanzu fa?"

"Biyar."

"Gudun wutar da ke bi ta cikin dutsenka ke nan, amfiya biyar. To, raba."

"Haba Baba, ni fa wanki na zo yi duniya, ba lissafi ba. Ga kayan mutane can jibge."

"Kayan mutane ba za su gudu ba. Raba turi da gudu."

Mai Wanki ya yi ta ƙirga da yatsu yana ƙunƙuni, can ya ce arba'in da huɗu.

"Madalla. Turjiyar wayar ke nan, om arba'in da huɗu. Ita ce ke riƙe wutar kada ta yi gudun da ya wuce ƙima. Yanzu ninka turi da gudu."

"Dubu ɗaya da ɗari."

"Wat dubu ɗaya da ɗari. Abin da dutsenka ke ci ke nan, kuma abin da ya ci shi yake mayar maka zafi. Duba ƙasan dutsen, me masu ƙera shi suka rubuta?"

Mai Wanki ya kifa dutsen, ya ga lambar ita ce dai, ya washe baki kamar shi ya ƙera. Da haka raba da ninka suka bi shi, har yaran unguwa suka manta yana da wani suna.

Na taɓa tambayarsa dalilin wannan wahalar da mutane. Na ce, "Angon Yaya, kai da ka san amsa, me ya sa sai ka tsare bayin Allah da alli?" Ya ce min, "Ƙanwa, ni a shago zan kwana, dutsen kuwa gidansu zai kwana. Wanda zai zauna da abu shi ya kamata ya san cinsa." Na koma kan ɗinkina, don na ƙi jinin in yarda da shi a gaban idonsa.

Mai Shayi na bakin kwana shi ne babban mai ba da shaida. Ya ce wata safiya Baba Raba ya zo wucewa sai ya tsaya cak, yana shinshina iska. Ya zagaya bayan tebur, ya fizge jona daga bango, butoci biyu suka yi tsit ana tsaka da ciniki. Ran Mai Shayi ya ɓaci, ya fara sababi. Baba Raba ya kamo hannunsa ya ɗora a kan wayar da ta jawo wutar, sai ga ta ta yi laushi tana ƙauri. Ya je shago ya ɗauko mita, ya sa shi karantawa. Buta ɗaya amfiya goma take ja, biyu ashirin, duk a kan 'yar siririyar wayar da aka yi don rediyo, kuma ta bi ta ƙarƙashin tarin kwalaye. "Ninka," in ji shi. Mai Shayi ya ninka, ya ga abin da ya ɗora wa wayar, sai ya nemi wuri ya zauna. Har yau in ya ba da labarin sai ya nuna rumfunan katakon da ke manne da tasa, ya ce da duk sun tafi tare.

Baba Raba, kai ne wanda hancinsa ke aiki ko a hanyar zuwa shago. Kai ne ba ka taɓa cewa ba ruwana ba a kan wayar da ba kai ka ja ba. Mai raba gaskiya, mai ninka alheri, na faɗa sau ɗaya, kada kanka ya kumbura.

To, amma mutum tara yake bai cika goma ba a wajen iyalinsa, kuma ba zan yi wa mai karatu rufa-rufa ba: Baba Raba yana da kafiya, kuma harshensa yana da kaifi in an taɓa aikinsa. A nan ne maganar ɗansa ta shigo.

Babban ɗansa ne, ɗan Yayata, don haka ɗana ne. A kan bencin nan ya girma har ya yi aure ya hayayyafa. Hannunsa ya fi na uban, uban da kansa ya sha faɗa a bayan idonsa. Abin da ya raba su ɗauri ne. In wayar zafi ta ƙone, wuri ɗaya take tsinkewa. Mai gaggawa sai ya yanke inda ya ƙone, ya jawo bakin biyu ya murɗe su tare, ya mayar da murfi. Kafin mai kaya ya gama gaisawa an gama. Abin da ke ruɗin mutane kuma shi ne dutsen da aka ɗaure ya fi saurin zafi, sai su tafi suna sa albarka.

Baba Raba ya tsani ɗauri kamar me. Sau da yawa ya zana wa ɗan nasa a bayan ƙofa. Waya in ta gajarta, turjiyarta raguwa take yi. Mai arba'in da huɗu ta koma arba'in, gudu ya tashi daga biyar zuwa biyar da rabi, ci ya haura dubu ɗaya da ɗari biyu. Wayar da ta kasa jure cin farko an ƙara mata wani, dole ta sake tsinkewa, a sake ɗaurewa, ta ƙara gajarta, ta ƙara zafi, har ranar da za ta ƙone rigar wani ko ta narkar da soket. Ɗan ya san wannan sarai. Nasa uzurin shi ne naɗin sabuwar waya yana cin rabin yini, talaka kuwa da dutsen nan yake ci, ba zai iya zaman jira ba, in an ƙi yi masa a nan gaba zai yi.

Ranar da abin ya fashe ina shagona ina jiyo su. Ɗan ya ɗaure wa wani dutse uban ba ya nan, uban ya dawo ya gani.

"Baba, mutumin nan ya ce da azahar zai kai kayan. Ya zan yi da shi?"

"Sai ka faɗa masa gaskiya ya zaɓa. Ba a ɗauri a ƙarƙashin rufin nan."

"Mutane ba sa iya jira, Baba. Zamani ya sauya."

"Wuta ba ta sauya ba. Kai dai Allah ya ba ka hannu, ya hana ka kai."

A gaban mutane ya faɗa, shago cike. Ɗana ya miƙe. Ya ɗauki filayarsa da sukundirebarsa ya fita. Ba a jima ba ya kafa rumfa a ƙarshen layi, kuma saboda saurin aikinsa aka laƙaba masa Yanzu-Yanzu. Yana zuwa gida ya durƙusa ya gai da uban, uban ya amsa, shi ke nan. Ba ya taka shagon, uban ba ya taka rumfar. Yaya ta yi rarrashi ta yi fushi ta gaji, ta ce ita dai Allah ya haɗa ta da masu taurin kai biyu, ɗaya ta aura ɗaya ta haifa.

Ana haka idon ya fara tafiya, kuma babu wanda ya lura da wuri. Ta ina za a lura? Mutumin da tun fil'azal mai kaya ne ke karanta masa allura, in ya ce karanta min wa zai yi zargin wani abu? Ni abin da na fara gani shi ne lambobin bayan ƙofa suna ta girma. Wata rana ya rubuta huɗu kamar tafin hannuna, na ce, "Angon Yaya, wannan huɗun don mutanen ƙarshen layi ka rubuta ta?" Ya yi dariya, ni ma na yi. Da na san abin da ke ƙarƙashin dariyar nan da na haɗiye maganata. Yaya ce ta kama shi, ranar da ya tsiyaya shayi a gefen kofi yana ta hira abinsa. Ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Likita ya ce jijiyar idon ce, magani zai rage mata gudu, amma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Ya tara mu ni da Yaya, ya ce kada wanda ya faɗa wa yaron. "Ba na so ya dawo don tausayi," in ji shi. Muka riƙe masa, rai ba daɗi. Maƙwabta na kusa sun gane da kansu, amma ba wanda ya ɗaga maganar. Sai dai Mai Wanki ya koma karanta allura da ƙarfi kamar mai shela, kuma ya daina ƙunƙuni.

Sai ranar Mai Ƙwai. Wata baiwar Allah ce da ke bayan layi, mijinta ya rasu ya bar ta da yara da akwatin ƙyanƙyasar ƙwai, wanda Baba Raba ya haɗa wa marigayin tun da daɗewa. Da 'yan tsakin da akwatin nan ke fitarwa take riƙe gidan. Da hantsi na hango ta tana tafe kamar za ta kifa, rungume da farantin wayar zafin akwatin a cikin mayafi. Na ajiye almakashi na tsallaka.

"Baba, ka taimake ni," ta ce tana haki. "Wayar akwatin ta tsinke. Ƙwan sun kusa fashewa, har na fara jin motsi a wasu. Na lulluɓe su da barguna na taho. In suka huce na shiga uku."

"Kwantar da hankalinki, 'yata. Kawo."

"Sai da na tsaya wajen Yanzu-Yanzu, don shi ne a kan hanya. Ya duba ya ce wannan ba aikin ɗauri ba ne, in ya ɗaure ƙwaina za su dahu. Ya ce in kawo maka, in yi sauri."

Hannun Baba Raba ya tsaya a kan farantin. "Me ya ce?"

Ta maimaita.

"Haka ya ce da bakinsa?"

"Wallahi haka ya ce, Baba."

Ya jawo farantin gabansa. Lissafin akwatin nan a kansa yake: wat ɗari da goma ake so, wato rabin amfiya, wato turjiya ɗari huɗu da arba'in. Ya miƙa hannu bango ya lalubo ƙusa ta uku, ya ciro kwarkwaro, ya auna tsawon waya da kamu kamar yadda ya saba, ya naɗe ta a jikin siririn ƙarfe, ya shimfiɗa a farantin. Abin sha'awa, hannun nan bai manta komai ba. Ya jona mita, ya murɗa ta zuwa ma'aunin ƙananan kaya, ya kunna.

"Karanta, 'yata."

Ta ce turi ɗari biyu da ashirin. Da aka zo gudu sai ta sunkuya, ido duk hawaye, ta ce, "Rabi ne, Baba. Alhamdu lillahi, rabi ne." Ta miƙa hannu za ta ɗauka.

"Dakata." Ya ɗora tafinsa a saman wayar, bai taɓa ba, yana saurare da fatar hannunsa. Fuskarsa ta sauya. "Wannan zafin ya fi na rabi. Ƙanwa, zo ki duba."

Na duba. Fuskar mitar nan layin lambobi biyu gare ta, sama da ƙasa. Mu masu guga layin sama muka saba da shi, in kuma an murɗa ta wani wuri Baba Raba ne ke nuna wa mutum layin da zai bi. Allurar tana tsaye, a wani layin tana kan rabi, a wani tana kan ɗaya, ga wasu ƙananan alamu a gefe da suka dushe. Na faɗa masa abin da na gani, na ce ban san wanne ne namu ba. Ya jawo mitar, ya sunkuya har hancinsa na taɓa gilashi. Ya karkata ta wajen haske. Ya goge ta da riga, ya sake. Mai Ƙwai na tsaye tana murza yatsu. Akwatin yana da 'yar na'urar da ke yanke wuta in zafi ya yi yawa, amma dukanmu mun san in cin ya ninka, kafin ta farga ƙwan da ke kusa da wayar sun tafi.

Ya ɗago a hankali ya ce, "Ba na gani."

Ranar ce ya fara faɗa a fili.

Ya kashe wuta, ya naɗe mitar a ƙyallenta, ya miƙa wa Mai Ƙwai farantin. Ya miƙe ya gyara hula. "Ƙanwa, ara min kafaɗarki." Ya dafa ni muka fito, muka nufi ƙarshen layi. Mai Shayi ya tsaya da buta a sama bai zuba ba. Mai Wanki ya biyo mu da kumfa a hannu. Babu wanda ya tambayi ina za mu, kowa ya sani.

Yanzu-Yanzu yana tsaka da aiki ya ɗago ya gan mu. Ya miƙe zumbur, har kujerarsa ta faɗi. Ya dubi hannun da ke kafaɗata, ya dubi idon uban da ke kallon ɗan gefe da inda yake tsaye, sannan ya dube ni. Na sunkuyar da kai. Baba Raba ya lalubi teburin ya ajiye mitar, ya kwance ƙyallen.

"Karanta min," ya ce.

Ɗana ya jona. "Turi ɗari biyu da ashirin, Baba."

"Gudu fa?"

"Ɗaya cif."

"Raba."

"Ɗari biyu da ashirin. Rabin turjiyar da ake so."

"Ninka."

"Wat ɗari biyu da ashirin. Ninki biyu ne, Baba. Da sun dahu."

Mai Ƙwai ta dafe ƙirji tana salati. Yanzu-Yanzu ya kashe wutar, ya bari wayar ta huce, ya murza ta tsakanin yatsu. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Baba, wannan ai ta ƙusa ta huɗu ce. Ta fi ta ukun kauri." Ashe wajen kakkaɓe bango tsohon ya sauya wa kwarkwaro biyu wuri bai sani ba, yatsun da suka yi kanta kuma ba su ji bambancin ba cikin sauri. Tsawon daidai ne, kaurin ne ya buɗe wa wutar hanya. Abin da ya taɓa ni shi ne duk shekarun nan yaron bai manta wace waya ke kan wace ƙusa ba.

"Ba ni da irinta a nan," in ji shi.

"Tana shago," in ji uban.

Babu wanda ya ce zo, babu wanda ya ce to. Kawai dai muka juya, amma yanzu ba kafaɗata aka dafa ba. Ɗana ya zauna a bencin da ya bari, uban na tsaye a kansa yana faɗa masa kamu nawa zai auna, shi kuma yana cewa ya sani, uban na cewa ya dai auna. Ya naɗe, ya shimfiɗa, ya jona. Rabi cif. Ya raba da ƙarfi, ɗari huɗu da arba'in. Ya ninka, ɗari da goma. Baba Raba ya ɗora tafinsa a sama ya ɗan jima, ya ce yanzu ta yi.

Yanzu-Yanzu ya sungumi farantin zai bi Mai Ƙwai ya mayar mata a akwatin, uban ya riƙo rigarsa.

"Tsaya. Wata rana na faɗa maka magana a shagon nan."

"Baba, bari mu kai wa ƙwan nan zafi tukuna."

"Ba za ta ɗauki lokaci ba. A gaban mutane na faɗa, a gaban mutane zan janye. Allah ya ba ka hannu, ya ba ka kai. Ni ne ban iya bakina ba. Je ka."

Ɗana ya fita da gudu yana share fuska da hannun riga. Mai Wanki ya ce wai kumfa ce ta shiga masa ido, ni kuwa ban nemi wani uzuri ba, kukana na yi son raina.

Daga baya na tambayi ɗana me ya hana shi ɗaure wayar Mai Ƙwai. Ya ce, "Inna, ai duk ɗaurin da na taɓa yi sai na ji muryarsa a kunnena yana cewa raba. Ina murɗawa ina lissafi a zuci. Na guga na kan ce zai ɗan jure. Wannan kuwa da na raba na ga rayuka ne a ciki." Ya rufe rumfarsa ya dawo, kuma ya zo da dabarar da ta kashe gardamar gaba ɗaya. In ciniki ya lafa da yamma sai ya zauna ya naɗe wayoyi iri-iri ya rataye, ta dutse daban, ta buta daban, kowace an auna turjiyarta. Mai sauri in ya zo, a cire tsohuwa a sa sabuwa, ya karanta allura ya tafi. Ba ɗauri, ba jira. Baba Raba ya shafa wayoyin nan a bango, ya ce shi shekara arba'in wannan bai taɓa faɗo masa ba. Na ce a rubuta a ajiye, yau Angon Yaya ya yarda wani ya fi shi.

Ƙwan ba duka suka tsira ba, na gefe sun riga sun huce. Amma mafi yawa sun fashe. Mai Ƙwai ta zo da ɗan tsako ɗaya a cikin kwali, ta sa masa a tafin hannu. Ya rufe shi da ɗaya hannun yana jin bugun ƙirjinsa, ya tambayi kamanninsa, ɗan ya ce rawaya ne da ɗan baƙi a fiffike. Ya ce shi dai abin da ya sani ɗumin jikinsa ya yi daidai.

Baba Raba, mun gode. Kai ne ka mayar da layin masu guga da masu shayi makaranta ba tare da ka kira kanka malami ba. Kai ne ka gwammace mai kaya ya tafi yana ƙunƙuni da ya tafi da wuta a hammata. Kuma kai ne, da girmanka da furfurarka, ka taka har ƙarshen layi ka ce wa ɗan cikinka ya karanta maka, don kada ƙwan marayu su dahu. A wajena wannan tafiyar ta fi duk wayar da ka naɗa. Allah ya saka maka da alheri, ya bar maka sauran hasken da ya rage, ya ƙara wa Yaya haƙurin zama da kai, don yanzu fitilunta sun shiga uku.

Ku kuma masu sana'a, ko wace iri ce, ku auna kafin ku miƙa wa mutum kayansa, ku bar shi ya ga abin da kuka gani. Wanda kuma yake da ɗa ko uba a ƙarshen wani layi, kada ya jira sai ido ya tafi kafin ya taka.

Mabuɗin shagon yana aljihun ɗana yanzu. Amma har yau ƙofarsu ce ake fara buɗewa, kuma su biyu suke zuwa. An sa wa tsohon kujera a bakin ƙofa, kusa da alli. Kullum safe ina kallo daga kan kekena na ɗinki: ɗan zai kwance ƙyallen, ya fito da mitar, ya fara ɗora ta a hannun uban. Uban ya hure mata ƙurar da ba ya gani, ya goge gilashin da bakin rigarsa, sannan ya miƙa masa da hannu biyu.